Awon Fili a Kwarin Iza

Ni ne yaron da Gwaggo Paraska ta goya
shekarar da uwata ta tafi Sifen tsinkar lemo.
Na dawo mata da takalmin ofis
da hoton gonarta, wanda tauraron ɗan'adam ya ɗauka
ba tare da ya yi sallama ba.

Ta shimfiɗa shi kusa da ƙwaryar cuku,
ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa.
"To ina Joyana?"
Joyana saniya ce, haihuwar ranar Alhamis.
Na ce, Gwaggo, daga can ba a ganin saniya.
Ta ce, "Amma ana ganin abin da za a rage mini."

Gaskiyarta.
Takarda ta zo daga Tarayyar Turai, mai harshe ashirin da ɗoriya,
ta ce tallafi na ciyawa ne, kadada bayan kadada,
inuwa kuwa ba ciyawa ba ce.
Shingen da ya raba ta da Gabrila,
da tuffa bakwai da mijinta ya dasa kafin ya kwanta dama,
duk baƙin tabo ne a hotona.
Na kewaye su da jan layi.
Hannuna bai yi rawa ba,
abin da nake jin kunyarsa ke nan har yau.

Da ma motar madara ta daina hawowa tudu.
Tun da aka ɗage sandar kan iyaka
madarar kwali ta cika kanti, ta fi ruwan gora araha,
aka ce tatsar hannu ba ta cika sharaɗi ba.
Shekara hamsin ƙauye na sha, babu wanda ya yi ko tari.
Me ya rage mata in ba tallafin ba?
Kafin dusar ƙanƙara ta sauka, ta ari zarto.

Ba zan ci amanar gaskiya ba:
kwaltar da ta kai ni ƙofarta, kuɗinsu ne.
Allon nan mai shuɗi da taurari yana bakin gada.
Asibitin da ya cire mata yanar ido, kuɗinsu ne.
Hannun da ya ba ka zuma
shi ne ya kwance amyar.

Bazara ta zo, ƙudan zuman Gabrila suka zaga, suka zaga,
ba fure, suka yi gaba.
Bushiya ta rasa wurin haihuwa.
Sai ruwan sama na kwana uku:
tudun da saiwa ke riƙe da shi kamar uwa da zanen goyo
ya sulale,
kogin Iza ya yi ja, ya tafi da gonar rabin mutane
ƙasar da ba ta tambaye shi fasfo ba.

Shekara tara. Ga ni kuma, furfura ta fara leƙowa,
da sabuwar takarda, hatimi iri ɗaya:
duk wanda ya dasa shinge da itatuwa, za a biya shi.
Na karanta mata ina kallon takalmina.

Ta yi dariya har ta dafa bango.
"Wanda ya ce a sare da wanda ya ce a dasa,
uwarsu ɗaya?"
Na ce, ofishinsu dai ɗaya.

Ta ja ni bayan tarin ingirici.
Kututture na bakwai ya yi toho tun tuni,
reshe uku, tsayin kafaɗata, har da 'ya'ya biyu masu tsami.
"Wannan bai iya karatu ba," in ji ta,
"shi ya sa."

Ta sa hannu a takardar, a hankali, harafi-harafi,
shekararta tamanin da ɗaya.
Sannan ta karɓe alƙalamina ta jefa a aljihunta,
ta miƙo mini fartanya.
"Rami shida, Yonuk.
Ka san wuraren. Kai ka zana su."